Yaya Baturiya da Farar Tsakuwa

Ranar Alhamis, sha uku ga watan Disamba, 1956, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Baturiya 'yar Ubale, a gidan mahaifinmu da ke yamma da Tudun Wada, bayan ciwon ƙirji na kwana biyar. Ta bar 'ya ɗaya, Asabe, da jikoki uku. Ta kuma bar ni, ƙanenta Bala, wanda ake kira mai bishara, kuma a cikinmu biyu ni ne abin yi wa kuka.

Yaya, kin tafi a tsakiyar makonni huɗun jiran Kirsimeti, lokacin da gidanmu yake binciken zuciya. Baba ne farkon wanda ya karɓi bishara a cikin Maguzawan yankinmu, kuma har ya mutu bai iya karatu ba. Da aka gaya masa makonnin nan na shirin tarbar Almasihu ne, sai ya ce ba a tarbar baƙo da ƙazamin gida. Ya ɗauko ƙwarya ya ajiye a gindin tsamiyar tsakar gida. Ranar Lahadin farko, kowa ya jefa tsakuwa ɗaya domin kowane mutum da ya saɓa wa a shekarar, ba tare da ya faɗi suna ba. Kafin Kirsimeti sai ya ɗauki tsakuwarsa ya kai wa mai ita, ya faɗi laifinsa da bakinsa. In an yafe, wanda aka saɓa wa shi zai jefa ta a rafi. Ba a taɓa naman Kirsimeti sai ƙwarya ta zama fanko. Bayan rasuwar Baba, ke kika riƙe ƙwaryar.

Alherinki ba sai na yi masa ado ba. Daga nan har Doguwa, da wuya a sami unguwar da ba ki yanke cibiya a cikinta ba, kuma ba ki taɓa tambayar mai naƙuda addininta ba. Shekarar agana, da kowa ya guje wa rugar Fulanin bakin rafi, ke kika riƙa kai musu kunu a ka har kwana arba'in. Jiya dattijuwar rugar ta zo gaisuwa, ta ajiye ƙwaryar nono a ƙofar ɗakinki. Ba ki da sanyin baki, wannan kowa ya sani. Kina iya yi wa mutum faɗa tun daga zaure har madafa, kafin ya gama fushi kin tura masa tuwo.

Da mijinki Ɗantani ya rasu, ina shekarar farko a makarantar bishara, babu mai ɗaukar nauyina. Kika koma sana'ar da iyayenmu mata suka bari, kika riƙa dafa giyar dawa kina sayarwa ranar kasuwa. Shekara uku na ci, na sha, na yi karatu daga tukunyar nan. Farar rigar da na sa ranar da na gama, daga cikinta ta fito. Na sani sarai, ban kuwa taɓa cewa uffan ba, domin mai ci ba ya magana.

Sai dattawan majami'a suka kira ni za su ba ni aiki, suka tambaye ni ko gaskiya ne ana dafa giya a gidanmu. Tsoron rasa aikin ya kama ni. Na ce gaskiya ne, kuma na yi miki gargaɗi sau uku kin ƙi ji. Yaya, ban taɓa yi miki gargaɗi ba ko sau ɗaya. Ƙarya na yi, ina sanye da rigar da kika saya mini.

Suka sa ki horo. Aka hana ki Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi, aka mayar da ke bencin bakin ƙofa, aka ce ba za a ɗage horon ba sai ranar da kika tsaya gaban jama'a kika tuba a kan abu biyu: giyar, da ƙin jin gargaɗin mai bishara. A ranar da aka yanke horon kika fasa tukwanen. Kika tsaya kika ce, "Giya na dafa, na tuba. Ɗayan kuwa ba zan faɗa ba." Suka ce taurin kai ne. Kalma ɗaya ta ishe ki ki tona ni, ba ki faɗe ta ba, ba ki kuma yarda kin yi ƙarya a ɗakin Allah ba. Shekara shida ina raba gurasa a gaba, kina zaune a baya, sai na zo daidai bencinki in juya.

Kowace shekara nakan jefa miki tsakuwa a ƙwarya. Fara nake zaɓa, don kada ta ɓace mini cikin sauran. Ƙananan nakan kai su da wuri, ta matata a kan tsawa, ta maƙwabci a kan akuya, har ana yabona da tawali'u. Farar kuwa sai in ce Lahadi mai zuwa. In Kirsimeti ta ƙarato, in faki ido in ɗauke ta in jefa a rafi da hannuna, don a sami ƙwarya fanko a ci nama. Na mayar da al'adar Baba wasan yara, na yafe wa kaina laifin da ba ni aka yi wa ba. Bana na rantse Lahadi ta huɗu zan kawo miki. Ba ki kai ta uku ba.

Ba ni kaɗai zan sha wannan ɗacin ba. Dattawan da suka hana ki gurasa su suka zauna a zaurenmu suna muhawara ko ya halatta a yi waƙa a jana'izar mai horo, gawarki tana ɗaki. Biyu daga cikinsu ke kika karɓi haihuwar 'ya'yansu. Da suka ga taron da ya zo, Musulmi da Kirista da waɗanda ba su bar tsafi ba, sai aka yi waƙar, aka kuma yabe ki a bakin kabari da kalaman da ba a taɓa yi miki kina ji ba. Ni na yi addu'ar rufewa, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Da muka dawo, Asabe ta same ni a gindin tsamiya, ta durƙusa. Ta ce, "Kawu, Inna ta ce in gaya maka, farar tsakuwar nan tana ganinta duk shekara. Ta ce in wanke zane mai kyau ta ɗaura ranar da za ka kawo." Ta nuna mini zanen a kan igiya, tun makon jiya yake a shanye. Ashe shekara shida kina jira, ni kuwa ina tsammani na iya ɓuya. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Ranar Lahadi zan tsaya gaban jama'a in faɗi abin da na rubuta nan, su yi da aikina yadda suka ga dama. Na san wannan ba zai mayar miki da gurasa ko gutsure ɗaya ba.

Ubangiji ya ji ƙanki, Yaya, ya zaunar da ke a gaba a teburinsa, inda babu bencin bakin ƙofa. Asabe, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya 'ya'yanki a kan halin kakarsu. Dangin Ɗantani, da mutanen ruga, da duk wadda Baturiya ta riƙe a ranar naƙuda, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba mu dangana.

Ga mutanen gidanmu kuma, ku yi haƙuri da ni. Farar tsakuwar tana nan cikin ƙwarya, bana ba zan taɓa ta ba, kuma hannun da ya isa ya jefa ta yana ƙarƙashin ƙasa. Ku ci namanku, laifin ba naku ba ne. In yara sun tambaya ta wace ce, ku ce ta Bala ce.