Timoti Kafinta da Masu Sihirinsa

Timoti kafinta ne a Herwagana. Gadaje da kujeru yake yi, amma wasa ne ya sa aka san shi har wasu unguwanni. Wani ɗan bautar ƙasa da ya yi haya a gidansu ne ya koya masa. Ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labarin wata ƙasa ta tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. In jarumi zai yi kasada, sai a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, abin da ya fito shi ne rabonsa.

Da ɗan bautar ƙasar ya tafi, Timoti ya sassaƙa nasa ɗan ludon da icen maɗaci, ya zama shi ne mai ba da labari. Masu sihirin wasan ne kawai ba su gamshe shi ba, don kowannensu yana iya komai.

"Ko a kasuwa mai walda ba ya ɗinki," in ji shi.

Sai ya raba musu sana'a. Ya fito da mai kiran hadari, wanda ke saukar da aradu amma da rani ba shi da kataɓus. Ya fito da maƙeriya da wuta ke jin maganarta, sai dai duk sihirin da ta yi yana bar mata tabo. Ga mai warkarwa da ba ta iya warkar da kanta. Duk Asabar bayan la'asar shagonsa yakan cika, 'yan coci da 'yan masallaci, ana gardamar wa ya fi wa.

Cikinsu babu mai surutun Iro, ɗan acaɓa daga Hammadu Kafi. Wata damina mota ta buge shi, ƙafafunsa suka daina aiki. Matarsa Lami ta gaya wa Timoti cewa mai gidanta ya daina magana, sai kallon bango.

Timoti ya ɗora tebur a Keke Napep, ya kwashi abokan wasa suka tafi gidan Iro. Dama ya yi mako yana tsara wa Iro sabon mai sihiri: Mazaunin Dutse, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa muddin bai motsa daga inda yake ba. Ya bayyana shi yana jin ya burge.

Iro ya dube shi daga kan katifa. "Kafinta, a can ma zaunar da ni za ka yi?"

Timoti ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai kare kansa ba.

"Na yi kuskure, abokina. Wanne kake so?"

"Mai gudu. Wanda ko iska ba ta kamo shi."

Nan take suka haɗa Ɗan Guguwa, mai sihirin da ke hawan iska. Iro da kansa ya sa masa sharaɗi: in ya tashi, ba ya iya tsayawa sai ya yi karo da wani abu.

"Ba shi da birki ke nan," in ji Timoti.

"Kamar babur ɗina," Iro ya ce, ya fashe da dariya har Lami ta leƙo daga tsakar gida.

Tun daga ranar wasan Asabar ya koma gidan Iro. Timoti ya yi wa teburin gajerun ƙafafu don ya dace da mai zama a katifa, ya kuma daina tsara wa kowa jarumi sai ya tambaye shi abin da yake so. Yanzu Iro yana gyaran babura a ƙofar gida daga kan kekensa na guragu, kuma in Timoti ya makara a shago, shi yake fara ba da labarin.