Tsohon Irin da Na Kai Argungu

Da shinkafar ci na fara sana'a a Birnin Kebbi, ba da iri ba. A wannan ciniki tsohuwar shinkafa ce mai daraja, don ta bushe, kuma ta fi auki a tukunya. Da na koma sayar da iri da taki, sai na shigo da wannan tunanin ban taɓa bincikarsa ba.

Akwai wani irin shinkafa mai kyau da ya rage mini buhu shida. Na jibge su a sito mai rufin kwano, a kan siminti, suka sha zafin bazara biyu da laimar damina biyu. Ni a raina ajiya nake yi, yana ƙara kyau.

Da lokacin noman rani ya zo, na ɗauki buhu ɗaya na kai wa taubashina, ɗan kawuna, a Argungu. Gona ɗaya gare shi a fadama, ita ke ciyar da gidansa.

"Ga iri na kawo maka, bawana," na ce. "Wanda na ɓoye wa kowa."

"Bawan wa? Kai da ba ka san hannun lauje ba!" Ya ciji ƙwaya ɗaya, ta ce ƙas. "To, wanga kam ya bushe."

Ya jiƙa, ya watsa a wurin reno, inda tsiro ke tasowa kafin a dasa. Bayan kwana goma sai ga wayarsa.

"Alhajin birni, zo ka ga gemunka ya tsiro."

Gemuna tsilli-tsilli ne, don haka na gane. Da na isa, na tarar renon maƙwabtansa ya yi kore shar, nasa kuwa nan ɗaya, can ɗaya, sirara, masu ɗorawa-ɗorawa. Dariya yake yi, amma na ga damuwa a idonsa. In ya sake reno daga farko, shinkafarsa za ta nuna bayan kowa ya yanke, tsuntsayen jan-baki na fadamar duka su taru a kansa.

Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ta tambaye ni shekarar irin. Na faɗa da alfahari.

"Biyu? Ɗan nan, mi kaka tsammani? Iri rai garai, yana tsufa kamar ni. Wanda ya tsiro ma ba ya da ƙarfin yin 'ya'ya."

Ta ce ita ba ta taɓa watsa iri ba sai ta naɗe ɗan kaɗan a jiƙaƙƙen buhun algarara, ta duba bayan kwana huɗu. Ɗanta ya bar wannan ne kawai don iri ya fito daga hannuna.

Buhu biyar ɗin da suka rage na aika injin casa a ranar. Amma wannan bai cika gona ba. A fadama al'ada ce, wanda ya gama dashe ya sami rarar tsiro, yakan bar wa maƙwabci. Da lokacin dashe ya yi, sai na naɗe wando, muka bi gona-gona muna roƙon rara. Kowa sai ya tambayi dalili, taubashina kuma sai ya nuna ni. Mutum bakwai suka ba mu, kowannensu da tasa tsokanar. Kwana uku na yi ina jigilar damman tsiro a bayan mota.

Gonar ta cika, sai dai da iri kala-kala, wani dogo wani gajere. Kusurwar da muka dasa tsiron irina ta tsaya ƙyamas-ƙyamas, zangarniya ƙanana, rabi ƙaiƙayi. Sauran kuwa ya yi kyau, ya nuna tare da na mutane, ko da yake sau uku aka shiga yanka.

Ranar yankan ƙarshe na je. Taubashina na zaune a kan tarin buhuna yana fifita da hula.

"Abincin shekara ya samu?" na tambaya.

"Ya samu, har da na baƙi marasa kunya. Wuce ciki, Inna ta tuƙa tuwo."