Ladanin Da Sanyi Ya Kora Waje

Malam Basharu ya yi furfura yana ladanci a masallacin unguwarmu a Gwandu, kuma ba a taɓa jin muryarsa ta karye ba, duk da fukar da ya taso da ita. Ruwan randa ma ba ya sha sai ya yi ɗumi a rana. Mukan ce masa mashayin shayi ne tun daga ciki.

Matsala ta zo ne daga alheri. Alhaji Lukuman, ɗan unguwa da ya yi arziki a Abuja, ya kafa mana sola da na'urar sanyaya ɗaki har biyu. Mai haɗawa kuwa ya rasa inda zai liƙa ɗaya sai saman makirfon ladan.

Azahar ɗin farko, Malam ya shigo daga rana jiƙe da gumi, ya tsaya ƙarƙashinta. Bai kai rabin kiran salla ba ƙirji ya riƙe. Unguwa kaf ta ji numfashinsa a lasifika kamar tsohon zugazugi. La'asar ma haka.

A kashe na'urar? Wa ya isa! Kyautar Alhaji ce, mahaifinsa kuma yana sahun gaba. Ko kallon makunnin ba a yi, don kunya. Sai Ɗalha, shugaban kwamitin masallaci, ya ga ya fi sauƙi a canza ladani.

"Malam, girma ya zo. A huta mana."

"Girman ubanwa? Na girme ka ne da mi, ban da hankali?"

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Kalgo, inda ɗiyarsa Juwairiyya ke karatu a jami'a. Ta saurare shi, ta ce, "Baba, hanyoyin iska na ƙirji suna da tsoka, irin wadda mutum ba ya iya ba ta umarni. Akwai wani sinadari a jiki, histamin, da ke sa ta tsuke. A ɗakin gwaji mukan sa ɗan yankin irin tsokar nan cikin ruwa mu ɗiga mata shi. Da an sauya ɗumin ruwan, yadda take amsawa ya sauya. Kai kuma daga rana kake faɗawa sanyi kai tsaye."

"Wato ba tsufa ba ne?"

"Da shi kaɗan."

"Wannan ki riƙe abinki."

Ta kai shi asibiti aka rubuta masa abin shaƙa. Daga nan ya wuce kasuwa ya sa aka yanko masa doguwar waya.

Washegari muka tarar da makirfo a waje, ɗaure da ginshiƙin baranda, waya ta biyo ta taga.

Ɗalha ya ce, "Ladani a waje kamar mai gadin takalma?"

"Awo. Naka ma zan duba maka, ko ɓarawo zai ji tausayi ya musanya su."

"To sallar fa?"

"Sahu ba ya ƙarewa a bakin ƙofa. Nan zan shimfiɗa buzuna."

Ɗalha ya ce kwamiti zai saurari kiran yau, sannan a yanke. Malam ya kurɓi ruwan ɗumi daga filas, ya gyara tsayuwa, ya toshe kunne. Ya ja kiran tun daga farko har ƙarshe, bai yanke ko sau ɗaya ba.

Ɗalha ya bi wayar da kallo. Can ya ce, "A samo ƙusa a kafe ta da bango, kar wani ya harɗe."