Karen da Mama Ta Bar Mini

Ni dai tun ina ƙarama ba na shiri da kare, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. A garinmu kare na mafarauta ne, ba ya shiga tsakar gida, in ya lashi ƙwarya sai an wanke ta har da ƙasa. Da aka kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi ina amarya, sai Allah Ya haɗa ni katanga ɗaya da masu kare. Katangar ma gajera ce, in na taka turmi ina ganin tsakar gidansu tas.

Mutanen kudu ne, Kiristoci, sun riga ni zama Kano da shekaru masu yawa. Mijin yana gyaran janareta a wani shago a Tarauni, matar kuma tana sayar da garin kwaki da manja da busasshen kifi a ƙofar gida. Duk layinmu Mama muke ce mata, shi kuma Baba. Ita kuwa Amarya ta kira ni ranar da na tare, kuma Amarya take kirana har yau da 'ya'yana suka fi ni tsawo. Ita ta koya mini miyar agushi, ita ta riƙe ni a bayan adaidaitar maigidana ranar da naƙudar fari ta zo mini da gardama. Sharaɗina da ita ɗaya ne: in zan shiga gidanta, sai na tsaya a ƙofa na ɗaga murya ta ɗaure karen tukuna. Wanda suke da shi a shekarun nan ja ne, mai faɗin ƙirji, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Sunansa na yarensu ne, harshena bai taɓa iya juya shi ba, ni Maigadi nake ce masa.

Baba ya rasu a farkon wata damina. Lafiyarsa ƙalau ya fita, aka dawo da shi a mota. A al'adarsu gawa sai an kai ta gida, kuma binnewa a wajensu ba irin tamu ba ce da ake gamawa kafin la'asar, makonni ake yi ana shiri. 'Ya'yansu duk sun girma suna can kudu, ba kowa a gidan sai su biyu da karen. Ranar tafiya, mota na jira a bakin layi, Mama ta kamo hannuna ta danƙa mini mukulli. Idonta ya kumbura, ko ɗankwalinta ba ta ɗaura daidai ba.

Ta ce, "Amarya, ga karen Baba. Shi kaɗai ne abinsa mai numfashi da zan bari a Kano. Kar na dawo na tarar ba shi."

Me zan ce? Na ce amana ce, na karɓa. Sai da motar ta sha kwana na dubi mukullin na ce wa kaina, ke kuma kin ɗauko ruwan dafa kanki.

Amma na yi dabara, ko kuma na ɗauka na yi. Ba sai na shiga ba. Akwai wani tsohon baho a gindin katangar ta ɓangarensu, in na taka turmi sai na juye masa ruwa da bokiti. Abinci kuwa sai na dunƙula tuwo da miya na jefa masa ta sama. Ranar farko yana kwance a ƙofar ɗakin Baba, haɓarsa a kan ƙafafunsa. Tuwon ya faɗi kusa da shi. Ya ɗago ya dube shi, ya dube ni, ya tashi ya koma can nesa ya kwanta. Na ce to, mai makoki ne, gobe yunwa za ta yi masa magana.

Gobe ta zo bai ci ba, jibi ma haka. Ruwa dai yana sha. Na ce wataƙila tuwon masara ne bai saba da shi ba, na tuƙa masa teba irin tasu. Ko kallo. Na jefa shinkafa da wake, na jefa kan kifi. Da abin ya ishe ni na saka mayafi na tafi kasuwar Tarauni wajen mahauta na sayo nama, na dafa shi da albasa da attarugu, ƙamshi ya cika layi. Yarana suka tsaya suna kallona ina cilla tsoka ta katanga, su kuma ga su da gayan tuwo da miyar kuka. Ƙaramin ya ce shi ma da zai samu a ɗaure shi a gidan Mama, da ya gode. Na kai masa dundu, amma wallahi gaskiya ya faɗa. Kyanwowin unguwa ne suka ci moriyar abin, har wuyansu ya yi kauri.

Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Na hau turmi na yi masa tatas. Na ce girkin da maigida yake lashe yatsa a kansa, kai ne za ka juya wa baya? Ni baiwar ubanka ce? Yana jin muryata sai ya ɗan kaɗa ƙarshen jela sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Wannan kaɗa jelar ita ta kashe mini jiki, na sauko ina goge ido da bakin zani, ina jin haushin kaina da nake kuka a kan kare.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wata ta ce kare bin ubangidansa yake, in bar shi kawai ya tafi. Wata ta ce in buɗe masa ƙofa ya je bola ya nemi abin da ransa yake so. Na ce mata in an ba ta ajiyar akuya ta sake ta a titin Zariya, ni ba haka aka koya mini riƙon amana ba. Mun yi kwanaki ba ma gaisawa.

Mama tana kirana a waya jefi-jefi, murya a dashe, hayaniyar mutane a bayanta. Duk kiran sai ta tambayi karen, ni kuma in ce lafiya lau. Mu haka muka tashi, ba a ƙara wa mai makoki kaya a kan wanda yake ɗauke da shi. Ina cewa lafiya lau, ina hango haƙarƙarinsa ta katanga, ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Maigidana ne ya ce abin ya wuce na jira. Ya ajiye aiki ya je Unguwar Gano ya ɗauko wani likitan dabbobi a adaidaita. Ni na buɗe musu ƙofa na tsaya daga waje, ina leƙe. Karen ya yi gurnani amma ƙarfin tashi babu. Likitan ya lallaɓa shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora da dasashi, ko akwai ƙashi da ya maƙale. Ya auna zafin jikinsa, ya matsa cikinsa, ya cire masa kaska a kunne. Ya tambaye mu ko yana amai ko gudawa, na ce ban gani ba. Ya ce kare kan daina ci saboda ciwon haƙori, ko tsutsar ciki, ko zazzaɓi, ko ya ci wani abu da ya ɓata masa ciki, amma wannan bai ga ko ɗaya a jikinsa ba. Kewa ce ya fi zato, don su ma suna yi.

Sannan ya juyo kaina. Ya ce albasar da nake zuba wa naman cutar da kare take yi, yaji ma ba nasu ba ne, ƙashin kaza dafaffe kuma yana iya tsaga masa hanji. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya sa aka share ruɓaɓɓen abincin da ya cika tsakar gidan, ya ce in dafa shinkafa ta yi laushi da romo zalla, in ba shi da ɗumi-ɗumi, kaɗan-kaɗan, a cikin kwanonsa na kullum. Ya gwada miƙa masa 'yar tsoka da kansa, karen ya kau da kai. Da zai tafi ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in bai fara ci nan kusa ba, sai an yi masa ƙarin ruwa, kuma ko da hakan ba zai yi mana alkawari ba.

Na dafa yadda ya ce. Na zuba a kwanon, na ajiye a bakin ƙofa, na tura shi ciki da gorar da nake tokare igiyar shanya. Kwanon ya tafi yana ƙara har gabansa. Ya shinshina iska, miyau na zuba daga bakinsa, yunwa a fili, amma ya runtse ido ya ƙi.

Washegari da hantsi na juye ruwa a baho, bai taso ba. Na kira shi, jelar ma ba ta motsa ba. A nan kawaicina ya ƙare. Na sauko daga turmi na kira Mama, ko gaisuwar kirki ban yi ba na zayyane mata komai, har da likita, har da naman Tarauni. Sai ta tambaye ni, a hankali, yaya nake ba shi. Na ce ta katanga mana, jefa masa nake yi, jiya kuma na tura da gora.

Ta ce, "Wayyo Amarya. Ai ba zai taɓa ci ba."

Ta tuna mini karensu na baya, wanda aka wayi gari ya mutu lokacin da ɓarayi suka addabi unguwa. Nama mai guba aka jefo masa ta katanga. Abin ya ƙona wa Baba rai, don haka da ya samo wannan yana ɗan kwikwiyo, sai ya riƙa zagayawa waje yana jefo masa nama cike da barkono, har ya gane duk abin da ya faɗo daga sama ba na ci ba ne. Abincinsa sai dai a kawo da hannu, a tsuguna, a ɗora masa tafi a ka, sannan ya ci. Kullum da safe haka Baba yake yi kafin ya tafi shago. Ta ce ita ba ta ma ɗauke shi wata ƙa'ida ba, haka kawai suka saba, kuma ranar da ta bar Kano ko sunanta aka tambaye ta ba lalle ta sani ba.

Na ce to maigidana zai shiga. Ta ce a'a, karen ba ya ƙaunar ƙarar adaidaitarsa, tun da can haushi yake masa. Ni ce ya sani. Ta ce shekara da shekaru yana jin muryata ta katanga ina yi wa yara faɗa, a wajensa ni 'yar gida ce. Har ta ɗan yi dariya, irin wadda ke fita da ƙyar.

Bayan azahar na cire zanin jikina na ɗaura wani tsoho. Na ɗumama shinkafar. Maigida ya riƙe mini ƙofa, yana ta danne dariya, ya ce in kwantar da hankalina, ruwa da sabulu ba su ƙare a duniya ba. Na harare shi na ce in ya ga dama ya tara jama'a su zo kallo. Na zura hannuna na hagu a baƙar leda, na yi bismilla na shiga.

Na tsuguna na ajiye kwanon. Da na miƙa hannu, ƙarar ledar ta sa ya janye kai yana kallona da gefen ido. Na daɗe a tsugune ina shawara da zuciyata. Can na cire ledar na yar. Na ɗora masa tafina a tsakiyar ka. Kan da ɗumi, gashin da laushi fiye da yadda na zata, ƙashin kuma ga shi nan ƙarƙashin fata ba tsoka. Na ce masa ci mana, ɗan nema, ka wahalar da ni. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da na ji ta har cikin hannuna. Sai ya miƙa wuya ya fara lasar romon, a hankali, kamar mai jin kunya. Na ɗan ɗaga hannu don in gyara tsugunona, nan take ya tsaya. Na mayar, ya ci gaba.

Na ce wa maigida ya kira mini Mama ya miƙo wayar. Dariyar ta bar fuskarsa tuni. Da ta ɗauka sai na kai wayar kusa da kwanon. Harshensa na bugun ƙarfen, kwanon na ɗan gogar siminti.

Sai ta ce, "Wannan ƙarar ce take tashe ni kullum da safe. In na ji ta, na san Baba bai fita ba tukuna."

Daga nan ta fashe da kuka, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar da aka dawo da gawar. Ta ce kar in kashe. Ƙafata ta yi tsami, shinkafar ta kusa ƙarewa, na ce wa maigida ya je kicin ya ƙaro cokali biyu, don ita ba ta gama ji ba, ni kuma ba halin in ɗaga hannu.