Kalmar da Sailuba Ta Ƙi Faɗa

Sailuba ba 'yar birni ba ce. Aure ne ya kawo ta unguwarmu ta Kwarbai daga wani ƙauye ta hanyar Giwa, da allurarta da zaren hula. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma tun farko ban sake da ita ba. Mace ce da ba ta tambaya, ba ta kuma ba da labari.

Da ƙungiyarmu ta mata masu ɗinki ta samu keken aiki mai kwamfuta, ɗan Sailuba na fari ne ya haɗa mana shi. Abba muke kiransa duk unguwa. Ya kawo wata tsohuwar laftof, ya sa mata manhajar zanen wuyan riga, ya koya wa uwarsa. Babu wani hoto da ake dannawa. Baƙin allo ake buɗewa, wanda ya ce sunansa taminal, a rubuta kalma ɗaya, manhajar ta tashi. Bai daɗe ba ya rasu a haɗarin mota.

Ni na yi aikin tafireta a sakatariya, na san kallon yatsu. Amma Sailuba ba ta taɓa bari na ga kalmar ba. Kullum sai ta karkatar da allon zuwa bango, ta rufe hannunta da gefen mayafi. Na ce wa matan ƙungiya tun lokacin, wadda ta riƙe wannan kalma ta riƙe keken, mu kuma 'yan kallo ne.

Sai aka yi mata aikin ido ana dab da Sallah, riguna jibge a ɗakin ƙungiya. Aka kawo ta da bandeji, aka zaunar. Nafisa, sakatariyarmu, malamar firamare ce, ita ta zauna gaban laftof.

"Inna Sailuba, me zan rubuta?"

"Ku bari idona ya buɗe."

"Sallah za ta jira idonki?" in ji ni.

Ta gyara zaman bandejinta. Nafisa ta rubuta sunan da ke jikin keken, na'urar ta ce ba ta san wannan umarni ba. Ta rubuta sunan kamfanin, haka. Ta gwada "ɗinki", ta gwada "abba", duk amsa ɗaya. Jummai mai guga ta ce, "Gwada Sailuba mana, ai kayan gadonta ne." Aka yi dariya, ba ta daɗi ba.

Nan take aka yanke: in ba ta faɗa ba zuwa la'asar, a kai laftof ɗin Sabon Gari a goge komai a sa sabo, a kuma cire ta daga kan keken. Ni na kawo shawarar, kuma har yau ina ganin daidai ce.

Da suka fita salla sai ya rage ni da ita. Na ja kujera na hau danne-danne. Na taɓa maɓallin kibiya mai kallon sama, sai ga kalmar ƙarshe da Nafisa ta rubuta ta dawo. Na sake, ta gabanta ta fito. Ashe na'urar tana tuna abin da aka rubuta mata. Na ci gaba har na wuce na Nafisa, na iso kan wata kalma da ta yi ta maimaita kanta: sadiku.

Na danna. Manhajar ta buɗe, keken ya yi ƙararsa ta tashi.

"Waye Sadiƙu?" na ce.

Ta juyar da kai. "Yaya Delu, kin san ba zan amsa wannan ba."

Sai na gane. Sunan yanka na Abba ne, sunan surukinta kuma aka mayar masa. Ɗan fari, ga sunan uban miji. Ko sau ɗaya bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Shi ya sa sunansa a ciki?"

"Tsokana ce. Ya ce tunda na ƙi kiransa, to na riƙa rubuta shi kowace safiya."

"Da kin ce mana sunan yaron ne, ai da mun tambayo dangin babansa."

"Sai Jummai ta zaga gari tana cewa ga wadda ke kiran ɗan fari kullum?"

Da matan suka dawo suka tarar keken na aiki. Na ce na samo kalmar, ba za a goge komai ba, Sailuba tana nan kan kujerarta. Nafisa ta tambaye ni mece ce. Na ce in ana bukata a kira ni.

Idon Sailuba ya warke, tana nan tana karkatar da allonta. Ban yarda kunya ce kaɗai ba. Mace mai wayo ce, ta san amfanin zama ita kaɗai ta iya. Yanzu dai mu biyu ne, kuma na lura Jummai ta fara kallon yatsuna.