Hannun Ɗanasabe Bai Fito Ba

"Wai ni ne nan?" in ji Ɗanasabe mai kalangu, yana jujjuya hoton. "Kamar an kama ni da akuyar wani."

"Haba Baba, dubi yadda hular ta zauna," in ji Balarabe Mai Hoto.

"Hular ce za ta yi kiɗan? In ba ka iya ba ka faɗa, in hau mota in tafi Kano a ɗauke ni."

Balarabe ya yi dariya, amma maganar ta taɓa shi. Duk makaɗan Bebeji bayan Ɗanasabe suke bi. In ya koma Kano ɗaukar hoto, su ma sun tafi ke nan, kuma su kaɗai suka rage wa shagon tun da waya ta shiga hannun kowa.

Tun yana saurayi Balarabe ya koyi hoto a wajen kawunsa a Tudun Wada. Aikinsa hoton fasfo ne: ɗalibai, masu neman aiki, maniyyata. Farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya, magana ɗaya: "Kar ka motsa." Ni maƙwabcin shagonsa ne, ya gaya mini har 'ya'yansa da ita suke tsokanarsa in ya zauna cin tuwo.

Bayan ƙorafin Ɗanasabe babu abin da bai gwada ba. Ya sauya ƙyallen zuwa ja, ya haska fitilar caji ta gefe, har madubin babur ya kwance don ya jefa haske a fuska. Amma da zarar ya ɗaga kyamara, sai Ɗanasabe ya sandare, ya zaro ido.

Ranar kasuwa sai ya rufe shago, ya bi shi rumfar mahauta ba tare da ya gaya masa ba. Ya tarar Ɗanasabe ya matse kalangu a hammata yana wasa Mu'azu mahauci, Mu'azu ya ajiye wuƙa yana ta rausaya. Rumfar da duhu. Balarabe ya ari farantin silba a wajen Turai mai fura.

"In ya lanƙwashe, da kyamarar nan za ka biya ni," in ji ta.

Ya jingina farantin a ƙafar tebur, hasken rana ya daki fuskar makaɗin, hayaƙin tsire na tashi a bayansa. Ya tsuguna ya yi ta ɗauka, babu zancen "kar ka motsa".

Da ya gama, sai ya duba hoton. Fuska ta fito tar, ga gumi, ga dariya har da giɓi, amma hannun da ke kiɗa ya zama kamar hayaƙi. Yana shirin gogewa Ɗanasabe ya leƙo.

"Hannun bai fito ba, Baba. Ya motsa."

"To da tsayawa yake yi? Kai yaron nan! Ka taɓa ganin hannuna in ina kiɗa? Ni ma ban taɓa ganinsa ba." Ya sake dubawa, ya kira Mu'azu ya gani. "Wanke min wannan, babba, wanda za a hango daga titi."

Washegari na tarar da Balarabe yana kulle shago, na ce ina zuwa haka da wuri.

"Bagauda. Hamma mai sarewa ya aiko, wai shi a tsakiyar shanunsa yake so, a bakin ruwa. Ka yi min addu'a kar bijimi ya tunkuye ni."

Ya rataya kyamara a wuya, ya nufi wajen 'yan acaɓa.