Yaya Balkisa da kalmar ranar suna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu 2025, Allah ya karɓi ran yayata Balkisa Husseini a cikin motar da ta ɗauko ta daga Gure za ta asibitin Damagaram. An ce sun wuce Gidigir kaɗan. Zazzaɓin bayan haihuwa ne. Ta bar mijinta Fadilu da jaririya, Rahinatu, wadda ko arba'in ba ta yi ba.

Yaya, har yau ban yi kuka ba. Ina zaune kan tabarma, a ce mini ya haƙuri, in amsa, kamar wani ne ke aron bakina.

Ke kika riƙe ni lokacin da aka kore ni daga lakwal don na mayar wa malamin aji magana. Kowa ya cire hannu a kaina. Ke kuwa kika dawo daga kasuwa da tsohon ƙamusun Turanci marar bango a ƙarƙashin albasarki, kika jefo mini, kika ce tunda bakin nan ba ya hutawa, ga abin taunawa. Salatin da ya rage miki da yamma ba ya kwana, tsofaffin unguwa kike bi da shi gida gida. Su ma sun zo gaisuwa, sun fi ni kuka.

A cikin ƙamusun nan na tsinci gorgeous, ke kina cewa gojas. Na gaya miki kyau ne wanda ke tsayar da mutum cak, ba kyan yau da kullum ba. Turawa na faɗinta ga mace, ga tufa, har ga faɗuwar rana. Daga baya na bincika a wayar salula, na ga daga tsohon Faransanci ta fito, sunan ado mai tsada, kuma ana jin tushenta gorge ne, wato wuya, saboda ƙyallen da mata ke yafawa a wuyansu. Kika yi dariya har kika zubar da tumatir.

"Duk wannan karatun, ashe gyale ne kawai!"

Ranar suna kika fito cikin shuɗiyar lafaya. Ban taɓa samun inda kalmar ta dace ba sai ranar, na kuwa faɗe ta da ƙarfi a gaban mata. Uwar mijinki, Ya Fanna, ta juyo.

"Kai Idirisa, me ka jefe ta da shi? Ka ce tubarkalla!"

"Turanci ba ya cin mutum, Ya Fanna."

Aka yi dariya. Ke ma kin yi, kika ce Allah ya shirye ka. Washegari kika kwanta.

Yanzu ana cewa bakina ne ya kama ki. Ba wanda ya faɗa a gabana, jarumtarsu ta bayan zana ce. Ciwon nan yana da suna, lokotoron asibiti ya faɗe shi, amma wa ke son suna in ga ɗan iskan unguwa a kusa? Su yi ta faɗa, ban damu ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, duk sanda na shiga gidan, Ya Fanna sai ta ja zane ta rufe fuskar Rahinatu. Ita kaɗai kika bar mini, kuma an hana ni ganinta.

Jiya Fadilu ya tashi daga cikin masu gaisuwa, ya ja ni har tsakar gida, ya karɓi yarinyar daga cinyar mahaifiyarsa ya ɗora mini a hannu. Mata suka zubo mini ido, ana jiran a ji abin da bakin nan zai fitar.

Goshinki ne, Yaya. Har ɗan gashin da ke kwantawa a gefe.

Na duba cikin kaina, Hausa, Turanci, Faransanci, babu kalma ko ɗaya a wurin. Sannan na ce, "Allah ya raya ta."

Ya Fanna ta dube ni tsawon lokaci, ta ce amin. Ba ta miƙo hannu ta karɓe ta ba.

Allah ya jiƙan ki, Balkisa, ya yafe miki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Fadilu, Ya Fanna, Innarmu da dangi na Gure da Gamu, Allah ya ba mu haƙuri. Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.